Sharhi Kan Aikin Wani Garejin Wayarin: Binciken Madubin Gefen Mota Da Ya Daina Motsi

Madubin gefe mai aiki da lantarki yana cikin kayan motar da akan sauya alhali lafiyarsu ƙalau. Da zarar direba ya danna makunni ya ga gilashin bai motsa ba, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne madubin ya mutu, shi kuwa mai sayar da kayan gyara ba shi da dalilin da zai sa ya yi masa gardama. Wannan sharhi ne a kan aikin wani garejin masu wayarin da na kai motata saboda irin wannan matsala, garejin da ya ware binciken matsala a matsayin aiki mai zaman kansa, da kuɗinsa daban, kafin a zo maganar gyara. Ra'ayina shi ne binciken ya cancanci abin da aka biya, ko da yake akwai wuraren da garejin ya gaza, kuma zan faɗe su yadda na gan su.

Matsalar ita ce madubin ɓangaren fasinja ya daina amsa makunni baki ɗaya, ba ya yin sama, ba ya yin ƙasa, ba ya juyawa ciki ko waje, ba a kuma jin ko ƙarar injinsa. Na ɓangaren direba yana aiki yadda ya kamata, haka ma 'yar fitilar sigina da ke jikin madubin da ya tsaya. Jefi-jefi yakan farfaɗo ya motsa, sannan ya sake ɗaukewa. Kafin in zo wannan gareji an riga an ba ni shawara a wani wuri cewa in sayi madubi sukutum a ɗaura, kuma wanda ya ba da shawarar bai buɗe komai ba, bai auna komai ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai wayarin da ya karɓi aikin bai ɗauki sukudireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya so ya san ko madubin biyu ne suka tsaya ko guda ɗaya, ko duk fuskoki huɗun ne suka mutu ko wasu daga ciki, ko an taɓa buge madubin, ko an taɓa kwance murfin ƙofar don gyaran gilashi ko sifika, ko matsalar ta fi tsananta bayan ruwan sama ko wankin mota. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko na lura da halin da ƙofofin suke ciki a lokutan da madubin ke farfaɗowa. Da na yi tunani sai na tuna cewa yawanci yakan motsa ne idan mota tana tsaye, ƙofata kuma a buɗe. Bai yanke hukunci a kan wannan ba, ya dai riƙe shi, kuma daga baya ya tabbata cewa amsar tana nan.

Domin a fahimci darajar waɗannan tambayoyi, sai an san abin da ke cikin madubin. A bayan gilashin akwai ƙananan injina biyu, waɗanda masu sana'ar ke kira moto, ɗaya yana karkata gilashin sama da ƙasa, ɗayan yana juya shi ciki da waje. A tsarin da ya fi yawa, wayoyi uku ne kawai ke hidimar waɗannan moto biyu: kowane moto yana da tasa waya guda, sannan akwai ta uku da suke tarayya a kanta. Babu waya guda a cikin ukun da take fozitif ko nagetif a kowane lokaci. Makunnin da ke ƙofar direba shi ne ke juya fuskar wutar, ya aika volt 12 ta wannan waya ya mayar ta waccan idan ana son gilashi ya yi sama, sannan ya musanya su idan ana son ya yi ƙasa. Shi ya sa wanda bai san tsarin ba yakan ruɗe, ya ɗora mitar auna wuta a kan waya yana neman wuta alhali ba a danna komai ba, ya ga babu, ya ce waya ta mutu.

Da wannan ilimin, alamomin kansu suna rage wuraren da za a zarga tun kafin a kwance kusa ko guda. Idan madubin biyu suka mutu tare, hankali yakan koma ga fiyus, ko wutar da ke shiga makunni, ko wayar da ke mayar da wuta jikin bodi. Idan gilashi yana yin sama amma ba ya dawowa ƙasa, to moto da wayoyinsa lafiya suke, domin su ɗin dai ne ke yin aikin biyu, kuma zargi ya faɗa kan makunni. Idan sama da ƙasa suna aiki amma ciki da waje sun tsaya a madubi guda, to moto ɗaya ne ko wayarsa. Idan ana jin ƙarar moto amma gilashin bai motsa ba, matsalar ta bar fannin lantarki ta koma ta haƙoran roba da suka cinye ko sandar turawa da ta kuɓuce daga bayan gilashin. Tawa kuwa ta faɗa aji na dabam: madubi guda, fuskoki huɗu, shiru. Mai wayarin ya bayyana mini cewa da wuya moto biyu su ƙone a rana ɗaya, saboda haka abin da ya fi dacewa a nema shi ne abin da suke tarayya a kai, wato wayar nan ta uku, ko filogin madubin, ko ɓangaren makunni da ke zaɓar madubin da za a motsa. Ya yi wannan bayani a taƙaice, ba tare da ya nuna cewa yana koya mini karatu ba, kuma na ji daɗin hakan.

Duk da cewa aikin madubin direba ya riga ya wanke fiyus, ya duba shi, ya kuma auna batir ya samu kimanin volt 12.6, wanda shi ne abin da ake sa rai daga batir mai cikakken caji idan inji a kashe yake. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Daga nan ya buɗe taswirar wayoyin irin motata a kwamfuta, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da ya bambanta garejin da wuraren da ake aiki da ka. Filogin madubin zamani ba wayoyi uku kaɗai yake ɗauke da su ba. Akwai na fitilar sigina, akwai na wayar ɗumama gilashi a motocin da ke da ita, wadda galibi take kunnuwa tare da na'urar share raɓar gilashin baya, akwai na moton da ke naɗe madubin baki ɗaya, akwai kuma na na'urorin da ke tuna matsayin gilashi a motocin da ke adana zaɓin direba, waɗanda yawanci da volt 5 suke aiki. Launin wayoyi yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, wani lokacin ma daga shekara zuwa shekara a mota iri ɗaya. Wanda ya ɗauko wuta daga batir ya riƙa taɓa ƙafafun filogi ɗaya bayan ɗaya da fatan ya dace yana iya ƙona abin da lafiyarsa lau, ya ƙara wa mai mota matsala ta biyu a kan ta farko. Taswirar ta nuna masa launin wayoyi ukun, da lambar ƙafar kowace a filogi, da hanyar da kowace ta bi daga makunni har zuwa madubi.

Kwance murfin ƙofar fasinja an yi shi da kayan ɓamɓare na roba maimakon bakin sukudireba, saboda haka fenti bai karce ba. Ledar da ke manne a bayan murfin, wadda aikinta hana ruwan da ke gangarowa ta gefen gilashi shiga cikin mota, ɗaga ta aka yi a hankali daga gefe guda, ba a yaga ta ba. Na ambaci wannan ne domin da yawan masu gyara suna ɗaukarta a matsayin abin da ke tare musu hanya, su yage ta su jefar, bayan wani lokaci mai mota ya tarar da damshi a ƙasan ƙofa bai san daga ina ya fito ba. Filogin madubin da aka cire an same shi a bushe, babu koren tsatsar nan da ke fitowa a kan tagulla idan ruwa ya shiga, ƙafafunsa kuma ba su saki ba.

A nan ne binciken ya kai wurin da ya fi daraja. Ya zare filogin, ya ɗora mita tsakanin wayar sama da ƙasa da wayar tarayya a ɓangaren da ke zuwa daga mota, aka danna makunni. Mita ta nuna kusan volt 12 idan an danna sama, ta nuna kusan volt 12 da alamar ragi idan an danna ƙasa. Haka ta nuna a wayar ciki da waje. Duk wanda ya tsaya a wannan awo zai ce wuta tana isowa, makunni yana juya ta daidai, don haka madubin ne ya mutu, kuma zai faɗi hakan da cikakken tabbaci domin ya gani da idonsa a kan mita. Mai wayarin bai gamsu ba. Ya mayar da filogin mazauninsa, ya zura siraran allurai ta bayansa har suka taɓa ƙarfen ƙafafun, ya sake awon yayin da moto yake haɗe da wayoyin. Wannan karon da aka danna makunni, wutar ta faɗi ƙasa warwas, mita ba ta nuna wani abin kirki ba. Ya sake zare filogin ya gwada da fitilar gwaji mai ƙwan fitila na gaske, ita ma ko ja ba ta yi ba.

Bayanin wannan saɓani yana da sauƙi, amma rashin saninsa ya sa an zubar da madubai masu yawa. Mitar zamani mai nuna lambobi an ƙera ta ne yadda ba za ta ja wuta daga abin da take aunawa ba. Turjiyar cikinta, wato yadda take tare hanyar wuta, takan kai om miliyan 10, wanda ke nufin a kan volt 12 abin da take ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ba. Wayar da ta karye a cikin rigarta, bakunan biyu suna ɗan shafar juna ta kan tagullar da ta yi baƙi, tana iya wuce wannan 'yar wuta ba tare da wahala ba, sai mita ta nuna volt 12 cif. Moto kuwa, duk da ƙanƙantarsa, yana buƙatar wutar da ta ninka haka sau dubbai, kuma da zarar ya nema sai dukkan ƙarfin wutar ya ƙare a wurin karayar, babu abin da ya iso gare shi. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka da ƙafa: idan bakinsa a toshe yake za a ji shi a cike tam, amma da an buɗe sai ɗigo ya fito. Saboda haka awon da ake yi a kan filogin da aka zare rabin awo ne, cikakkensa shi ne wanda aka yi alhali abin da ke cin wutar yana haɗe yana ja. Wannan fahimta ce na biya kuɗinta, kuma ita ce dalilin da ya sa nake rubuta wannan sharhi.

Bai tsaya nan ba, ya so ya wanke madubin da hujja tasa ta kansa. Ya ɗauko wayoyi biyu daga batir, ɗaya da ƙaramin fiyus a tsakiyarta, ya taɓa ƙafafun moto kamar yadda taswira ta nuna, gilashin ya yi sama. Ya musanya wayoyin, ya dawo ƙasa. Ya koma moto na biyu, ya juya ciki da waje ba tare da gargada ba. Ya riƙa taɓawa yana ɗagawa da sauri, domin barin wuta a kan moton da ya kai ƙarshen tafiyarsa yana wahalar da shi da haƙoransa. Madubin da aka ce in sauya ya motsa fuskoki huɗu a gabana. Sanya fiyus a wayar gwaji ƙaramin abu ne, amma yana nuna mai aikin da ya san cewa hannu yana iya zamewa.

Saura a gano inda karayar take, kuma a nan taswira ta sake yin amfani. Mutum zai zaci laifin madubin fasinja yana ƙofar fasinja, sai dai wayoyinsa daga makunnin ƙofar direba suke tasowa, su fita ta cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙin mota, su ratsa ta ƙarƙashin dashbod, sannan su shiga ƙofar fasinja ta irin wannan roba. Wurare biyu ke nan da wayoyin ke lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, kuma ƙofar direba ita ce aka fi buɗewa a kowace mota. A motata, taswirar ta nuna wayar tarayya ta rabu gida biyu a cikin ƙofar direba, reshe ɗaya ya hau zuwa madubin direba ba tare da ya fita daga ƙofar ba, ɗayan ya fita ta robar. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa madubi guda yake aiki ɗayan ya mutu. Ya bar fitilar gwaji a haɗe da filogin ƙofar fasinja, yaronsa ya riƙe makunni a danne, shi kuma ya riƙa motsa robar ƙofar direba da hannu yana buɗe ƙofar yana rufewa a hankali. Fitilar ta riƙa kamawa tana ɗaukewa daidai da motsin hannunsa.

Da aka janye robar, wayar a ido lafiya take, rigarta ba ta tsage ba. Sai da ya ja ta da yatsu biyu aka ga ta miƙe a wuri guda kamar ba komai a cikinta, ya yanka wurin, sai ga zaren tagullar a tsinke, bakunansu sun yi baƙi. Ya kira ni ya nuna mini kafin ya ci gaba, ya kuma nuna mini wasu wayoyin da ke maƙwabtaka da ita waɗanda rigarsu ta fara tsattsagewa, daga ciki har da mai kauri ta injin ɗaga gilashi. Ya faɗa mini abin da ya zama dole a gyara a ranar da abin da zai iya jira, ya bar mini zaɓi, bai tsoratar da ni don in ƙara aiki ba. Na zaɓi a gyara su gaba ɗaya tunda an riga an buɗe wurin.

Gyaran da kansa an yi shi bisa ƙa'ida. Hanya mafi sauƙi ita ce a murɗe bakunan biyu a wurin da suka tsinke a naɗe da salatif, kuma irin wannan gyara ba ya daɗewa. Hanya ta biyu, wadda ake ɗauka ta ƙwararru ce, ita ce a like su da dalma a nan cikin robar, ita ma tana da illa, domin dalma tana sandarar da waya, wurin da ya sandare kuwa a tsakiyar inda ake lanƙwasawa kullum zai sake karyewa daga gefen likin. Abin da garejin ya yi shi ne ya yanke dukkan tsawon da ke cikin robar, ya sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, mai siraran zare masu yawa don ta jure lanƙwasa, ya yi haɗi ɗaya a cikin ƙofa ɗaya a cikin bodi, inda babu motsi, ya rufe kowanne da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. An cire kan batir na nagetif kafin a fara yankan, wanda ya dace ƙwarai, domin a wasu motocin akwai na'urar jin karo ta jakar iska a cikin ƙofa, kuma wayoyin jakar iska, waɗanda galibi filoginsu rawaya ne, ba wurin wasa da fitilar gwaji ba ne. Bayan an gama an mayar da robar mazauninta ta ɓangarori biyu yadda ruwa ba zai bi ta ba, an manne ledar ƙofa, an gwada madubin biyu da ƙofa a buɗe da kuma a rufe, an gwada gilasai da makullin ƙofofi.

Akwai abubuwa biyu da ban ga an yi ba, kuma rashin yin su abin yabo ne. Ba a huda rigar waya da tsinin fitilar gwaji ba, ɗabi'ar da ke barin ƙaramar kafa wadda damshi ke shiga ya ci tagulla a hankali, har ta zama irin matsalar da aka zo gyarawa. Ba a kuma yi maganar sa fiyus mafi girma ba. Fiyus ɗin madubi ƙarami ne, yawanci na amfiya 5 zuwa 10, kuma an zaɓi girmansa ne don ya tsinke kafin siririyar wayar da yake karewa ta yi zafi.

Sai kuma inda garejin ya gaza. Na farko, kuma wanda ya fi damuna, babu wani rubutaccen bayani da aka ba ni. Wurin da ke sayar da bincike a matsayin haja ya kamata ya miƙa wa mai mota takarda da ke ɗauke da alamomin da aka gani, da awon da aka yi, da wurin da aka samu laifi, da wayoyin da aka sauya. Abin da ke rasit ɗina layi ɗaya ne da ya ce an gyara wayarin ƙofa. Idan wata rana wani mai gyara ya buɗe wannan ƙofa ya tarar da haɗe-haɗen da ba na kamfani ba, babu abin da zai gaya masa dalilinsu, kuma da na zaɓi in kai gyaran wani wuri bayan binciken, da abin da zan tafi da shi bai wuce abin da na riƙe a kaina ba. Na biyu, ba a gargaɗe ni cewa cire kan batir zai goge agogo da tashoshin rediyo, ya kuma sa gilashin ƙofa ya manta da hawa da kansa a dannawa ɗaya ba. Saita wannan abu ne mai sauƙi, amma aikinsu ne su yi shi kafin su miƙa makulli, ni kuwa sai da na koma aka yi. Na uku, ɗaya daga cikin 'yan maɓallan roba da ke riƙe murfin ƙofa ya karye wajen kwancewa. Karyewarsu ba abin mamaki ba ne a motar da ta kwana biyu, domin roba tana bushewa, amma an mayar da murfin haka nan ba a faɗa mini ba, sai ƙarar da yake yi a kan hanya ce ta tona. Da na yi magana an sauya shi ba tare da musu ba, sai dai wurin da ya nuna mini tsinkakkiyar waya da hannunsa bai kamata ya ɓoye mini karyayyen maɓalli ba. Lokacin da aka ce in zo ma ba a kiyaye shi ba, na jira fiye da yadda ya dace kafin a fara.

Akwai kuma iyakar da ya kamata mai sabuwar mota ya sani. Duk abin da na bayyana ya shafi tsarin da makunni ke aika wuta kai tsaye zuwa moto. A motoci da yawa na baya-bayan nan makunni ba ya ɗauke da wutar moto ko kaɗan, saƙo kawai yake aikawa zuwa wata ƙaramar kwamfuta da ke cikin ƙofa, ita kuma ta yi magana da 'yar'uwarta ta ɗaya ƙofar ta layin sadarwa irin su LIN, mai waya guda, ko CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A irin wannan mota, fitilar gwaji mai ƙwan fitila tana iya yin ɓarna idan aka ɗora ta a kan layin saƙo, kuma binciken yakan fara ne daga na'urar karanta kwamfutar mota da ake sokawa a soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16, wanda ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Ƙananan na'urorin da suka cika kasuwa lambobin matsalar inji kawai suke karantawa, waɗanda ke farawa da harafin P, alhali matsalar madubi tana fitowa ne a lambobin bodi masu farawa da B, ko na sadarwa masu farawa da U. Na tambayi mai wayarin game da wannan, ya gaya mini gaskiya cewa na'urarsu tana shiga kwamfutocin ƙofa na wasu kamfanonin, wasu kuwa ba ta shiga, kuma idan madubin yana ɗauke da kyamara ko fitilar gargaɗin motar da ke gefe, akwai saitin da sai wakilin kamfanin motar. Na ɗauki wannan amsa a matsayin alamar wurin da ya san iyakarsa, amma iyaka ce dai, kuma mai irin wannan mota ya kamata ya kira ya faɗi sunan motarsa da shekararta kafin ya taso.

Game da kuɗin bincike, na san akwai masu ganin bai kamata a biya mutum don ya duba kawai ba. Ban yarda da su ba. A aikin nan, gano laifin ya fi gyara shi cin lokaci da ilimi, kayan da aka sa kuwa guntayen waya ne da robar rufe haɗi. Garejin da ba ya karɓar kuɗin bincike dole ya nemi ribarsa a kayan da zai sauya, kuma hakan yana karkata shi, ko da bai yi niyya ba, zuwa ga cewa madubi ya mutu. Da an ɗaura mini sabon madubi, da zai tsaya shiru kamar tsohon, domin wayar da ke kai masa wuta tana nan a tsinke a ɗaya ƙofar. An sanar da ni kuɗin binciken kafin a taɓa motar, an sanar da ni na gyara bayan an gano laifin, ba a kuma ƙara komai a kan abin da aka faɗa ba.

Wanda madubinsa, ko gilashin ƙofarsa, ko makullin ƙofarsa ke aiki yau ya ɗauke gobe, musamman idan motar ta yi shekaru, zai amfana da wannan gareji ko wani mai aiki irin nasa, kuma ina ba shi shawara ya nemi a rubuta masa abin da aka auna da abin da aka samu tun kafin a fara, ya kuma gwada gilasai da murfin ƙofa kafin ya bar wurin. Wanda kuwa aka buge wa madubi har kwanonsa ya fashe, ko yake jin moto yana kuka gilashi bai motsa ba, ba ya buƙatar dogon binciken wayarin. A motoci da yawa ana iya ɓalle gilashin a sauya ƙunshin moto biyun kaɗai a bar sauran madubin, kuma ya dace ya tambayi hakan kafin ya amince a sayar masa da madubi sukutum.